Shekara Huɗu Ciki, Shekara Huɗu Waje: Amurka da Alkawuran da Ta Yi wa Duniya

Ranar 20 ga Janairun 2025, sa'o'i kaɗan bayan an rantsar da shi karo na biyu, Donald Trump ya zauna a gaban wani teburi da aka girke masa a cikin zauren wasanni na Capital One da ke Washington. Dubban magoya bayansa na ta shewa, ya sa hannu a kan umarnin fitar da Amurka daga Yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. Aka miƙo masa wasiƙar da za a kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ma ya rattaba mata hannu. Shekara huɗu cif kafin wannan rana, Joe Biden ne a Fadar White House yake sa hannu a kan takardar mayar da ƙasar cikin yarjejeniyar. Kafin Biden, Trump ɗin ne dai ya fitar da ita. Kafin Trump kuma, Barack Obama ne ya shigar da ita a watan Satumban 2016. Shiga biyu da fita biyu ke nan cikin ƙasa da shekara goma, kuma babu ko ɗaya da aka kaɗa wa ƙuri'a a majalisar dokokin ƙasar.

Akwai wata yarjejeniyar da Trump ya fi ɗaga wa murya, ya fi yi wa barazana, amma bai fita daga cikinta ba, wato ta ƙungiyar tsaro ta NATO. A Amurka ana yawan ɗaure maganganun biyu da igiya ɗaya. Masu son a fita suna cewa an mayar da ƙasarsu saniyar tatsa, Turawa na kwance ana gadinsu, Chaina na ta tuƙa hayaƙinta ana ce wa Ba'amurke ya rufe masana'anta. Masu son a zauna suna cewa Amurka ce ta gina wannan tsari da hannunta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ita ta fi kowa cin moriyarsa. An shafe shekaru ana wannan ja-in-ja. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: me ya sa ƙofa ɗaya ta buɗe da turi ɗaya, ɗayar kuma ta cije?

Shiga da wuya, fita da sauƙi

Tushen maganar yana cikin kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787. Kundin ya yarje wa shugaban ƙasa ya ƙulla yarjejeniya da wasu ƙasashe, da sharaɗin kashi biyu bisa uku na sanatoci su amince. A majalisar dattawa mai kujera 100, ƙuri'a 67 ke nan idan kowa na nan. Game da warware yarjejeniya kuwa, kundin ya yi gum. Bai ce shugaba ne ke da iko ba, bai ce majalisa ce ba. A ƙarshen 1978 Jimmy Carter ya sanar da soke yarjejeniyar tsaron da ke tsakanin Amurka da Taiwan domin ya ƙulla hulɗa da Beijing. Sanata Barry Goldwater ya maka shi a kotu, amma a 1979 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar ba tare da ta ce ga mai gaskiya ba. Tun daga nan shugabanni suka ɗauka an bar musu wuƙa da nama. Da George W. Bush ya tashi ficewa daga yarjejeniyar 1972 da ta taƙaita makaman kakkaɓo makamai masu linzami, wadda aka ƙulla da Tarayyar Sobiyet, bai nemi izinin kowa ba.

Samun sanata 67 a kan magana ɗaya kuwa ya zama jan aiki. Rabon da wata jam'iyya ta riƙe kujeru masu yawan haka ita kaɗai tun shekarun 1960. Saboda haka shugabannin zamanin nan suka koma bin ta bayan gida: su ƙulla abin da ake kira yarjejeniyar zartarwa, wadda sa hannun shugaba kaɗai ya wadatar mata. Ta haka Obama ya shiga Paris. Yarjejeniyar nukiliyar Iran ta 2015 ma ba a kai ta neman ƙuri'a 67 ba, Trump kuma ya yi fatali da ita a watan Mayun 2018. Abin da alƙalami ɗaya ya ƙulla, wani alƙalamin ya isa ya kwance shi.

Ɗari-ɗarin da Amurkawa ke yi da ƙawance ba Trump ya fara shi ba. George Washington, a jawabinsa na ban-kwana a 1796, ya gargaɗi 'yan ƙasarsa da su guji ƙawancen dindindin da wani ɓangare na duniya. Shugaba Woodrow Wilson shi ne uban tafiyar Ƙungiyar Ƙasashe da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Farko, amma da ya kawo Yarjejeniyar Versailles gida, sanatoci ƙarƙashin Henry Cabot Lodge suka tsaya a kan sashen da zai iya jan Amurka yaƙi domin kare wata ƙasa. A watan Maris na 1920 aka kaɗa ƙuri'a, 49 suka yarda, 35 suka ƙi, ba a kai kashi biyu bisa uku ba. Ƙungiyar ta ci gaba da zama a Geneva ba tare da ƙasar da ta haife ta ba.

Daga Kyoto zuwa Paris

Wanda ke son gane dalilin da ya sa Yarjejeniyar Paris ta zo a sake, ba tara ba hukunci, sai ya koma 1997. A watan Yulin wannan shekara, wata biyar kafin taron Kyoto a Japan, Sanata Robert Byrd na jam'iyyar Democrat daga West Virginia, jihar ma'adinin kwal, da Sanata Chuck Hagel na Republican daga Nebraska suka gabatar da ƙuduri: majalisa ba za ta karɓi duk wata yarjejeniya da za ta tilasta wa Amurka rage hayaƙi ta bar ƙasashe masu tasowa ba, ko wadda za ta yi wa tattalin arzikinta mummunar illa. Aka kaɗa ƙuri'a, 95 da babu. Ko mutum ɗaya bai ce a'a ba. Yarjejeniyar Kyoto kuwa haka ta fito, ta ɗora wa ƙasashe masu arziki nauyi ta ƙyale Chaina da Indiya. Gwamnatin Bill Clinton ta sa mata hannu, amma ba ta yi gigin kai ta gaban sanatoci ba. A watan Maris na 2001 Bush ya ce babu ruwansa da ita. Kanada, wadda ta shiga da alkawarin rage kashi 6 cikin ɗari, hayaƙinta sai ƙaruwa ya yi, kuma a watan Disambar 2011 gwamnatin Stephen Harper ta tattara ta fice.

Waɗanda suka tsara Paris sun koyi darasi daga wannan. Suka ce kada a yanka wa kowa kaso. Kowace ƙasa ta faɗi da bakinta abin da za ta iya, ta riƙa kawo rahoto, bayan shekara biyar ta dawo da sabon alkawari wanda ya fi na baya. Tsarin ya fi kama da aikin gayya: kowa ya zo da fartanyarsa, ya nuna iyakar inda zai nome, ba a cin tarar wanda ya gaza, abin da ke riƙe shi kawai jin nauyin idon mutane ne. An yi haka ne musamman saboda Amurka. A ranar ƙarshe ta taron, 12 ga Disambar 2015, tawagar Amurka ƙarƙashin John Kerry ta gano wani wuri a daftarin da ya mayar da rage hayaƙi wajibi a kan ƙasashe masu arziki. Da an bar shi, da sai an kai takardar gaban sanatoci, inda za ta mutu. Aka tsayar da zama, aka ce kuskuren buga rubutu ne, aka mayar da wajibin shawara, sannan shugaban taron, Laurent Fabius na Faransa, ya buga guduma.

Wato duniya ta ɗinka rigar ne daidai jikin Amurka. Wata 18 bayan haka, ranar 1 ga Yunin 2017, Trump ya tsaya a lambun Fadar White House ya ce rigar ta matse shi. Ya ce mutanen Pittsburgh aka zaɓe shi ya wakilta, ba na Paris ba. Magajin garin Pittsburgh na lokacin, Bill Peduto, ya mayar masa da martani cewa Hillary Clinton birninsa ya zaɓa da gagarumin rinjaye, kuma za su ci gaba da bin yarjejeniyar. Kafin shekarar ta ƙare, Nikaragua da Siriya, waɗanda da su kaɗai ne a waje, duk sun shiga.

Fitar farko ba ta yi wani nisa ba. Sashe na 28 ya hana kowace ƙasa ba da sanarwar fita sai yarjejeniyar ta shekara uku tana aiki, sannan a jira wata shekara guda. Lissafin ya faɗa ranar 4 ga Nuwamban 2020, washegarin zaɓen da Trump ya sha kaye. Amurka ta yi kwana 107 a waje, ta dawo ranar 19 ga Fabrairun 2021. Fita ta biyu ba ta da wannan jira, shekara ɗaya kawai ta ɗauka, ta tabbata a ƙarshen Janairun 2026.

Wa ya fi hujja?

A cikin gidan Trump kansa aka fara gardamar a 2017. Steve Bannon, mai tsara masa dabaru, da Scott Pruitt, shugaban hukumar kare muhalli, suna ɓangaren a fita, da goyon bayan sanatocin Republican 22 da suka rubuto wasiƙa. 'Yarsa Ivanka, da mai ba shi shawara kan tattalin arziki Gary Cohn, da sakataren harkokin waje Rex Tillerson suna ɓangaren a zauna. Tillerson tsohon shugaban ExxonMobil ne, kuma kamfanin da kansa ya roƙi a zauna, a 2017 da kuma bayan zaɓen 2024. Ba tausayin duniya ya kama 'yan mai ba. Kamfanin da ke zuba jarin shekara talatin ba ya son dokar da ke sauya fuska duk bayan zaɓe, kuma gara a ce gwamnatinsa na zaune a ɗakin da ake yanke shawara.

Hujjar masu fita ta farko ita ce Chaina, kuma ba hujjar banza ba ce. Tun wajen 2006 Chaina ta wuce Amurka a fitar da iskar kabon, yanzu kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa a shekara nata ne, fiye da ninki biyu na Amurka. Har yanzu tana gina sababbin tashoshin lantarki masu ƙona kwal, tana kuma riƙe da sunan ƙasa mai tasowa a wurin taro. Ma'aikacin da aka rufe wa masana'anta a Ohio yana da dalilin jin haushi. Sai dai lissafin yana da wata fuska. Iskar kabon ba ta watsewa da ƙarewar shekara, tana daɗewa a sararin samaniya ɗaruruwan shekaru, kuma idan aka tara duk abin da aka fitar tun farkon zamanin masana'antu, babu ƙasar da ta kai Amurka, wadda ke da tsakanin kashi ɗaya bisa biyar zuwa ɗaya bisa huɗu. Idan kuma aka raba bisa kan mutum, Ba'amurke na fitar da kimanin tan 14 a shekara, ɗan Chaina wajen 8 ko 9.

Hujja ta biyu ita ce ayyukan yi. Trump ya karanto alƙaluman wani kamfanin bincike cewa za a rasa ayyuka miliyan 2.7 kafin 2025, kamfanin kuwa ya fito ya ce ba haka bincikensa ke nufi ba. A nan dai abin da ya faru a ƙasa ya raba gardama. A 2005 kwal ne ke ba Amurka rabin lantarkinta, zuwa 2023 ya sauko ƙasa da kashi 20. Ba Paris ce ta kashe shi ba, iskar gas ce mai arha da aka koyi tatsowa daga cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, sai kuma injinan iska da farantan sola da farashinsu ya faɗi warwas. A wa'adin Trump na farko, duk da alkawuran da ya yi wa masu haƙar kwal, tashoshin sun ci gaba da rufewa. A zamanin Biden kuma, ana cikin yarjejeniyar tsundum, Amurka ta haƙo man da babu ƙasar da ta taɓa haƙo kamarsa a tarihi, sama da ganga miliyan 13 a rana, ta kuma zama ta farko a sayar da iskar gas ta jiragen ruwa. Teksas, jihar da Republican ke riƙe da ita shekara da shekaru, ita ce kan gaba wajen lantarkin iska. Ana ciki ko ana waje, rijiyoyin mai ba su ji a jikinsu ba.

Hujjar da nake ganin ta fi nauyi ita ce wadda ba a cika yi wa shewa a filin gangami ba: cewa shugaba guda ba shi da hurumin ɗaukar wa ƙasa alkawarin da zai taɓa farashin lantarki da mota da aikin kowa, ba tare da wakilan jama'a sun ce uffan ba. Obama ya yi alkawarin rage hayaƙi da kashi 26 zuwa 28, Biden ya ɗaga zuwa 50 zuwa 52, sannan a watansa na ƙarshe ya ƙara zuwa 61 zuwa 66 kafin 2035, yana sane da cewa wanda zai gaje shi ba zai waiwayi takardar ba. Mai cewa wannan ba dimokuraɗiyya ba ce yana da abin faɗa. Matsalarsa ɗaya ce: wanda yake goyon baya shi ma bai tambayi majalisa ba da zai fita.

Ƙawancen da aka yi wa tsawa bai rushe ba

NATO daban take tun daga haihuwa. An sa mata hannu a Washington ranar 4 ga Afrilun 1949, ƙasashe 12, kuma ta bi ta ƙofar gaba: sanatoci 82 suka amince, 13 suka ƙi, ciki har da Robert Taft, babban jigon Republican na lokacin. Sashe na 5, wanda shi ne ƙashin bayanta, ya ce hari a kan ɗaya hari ne a kan duka. Amma ko shi an sassauta lafazinsa saboda sanatocin Amurka, waɗanda suka ƙi yarda a ƙwace musu ikon ayyana yaƙi. Abin da aka rubuta shi ne kowace ƙasa za ta ɗauki matakin da ita ta ga ya dace, wanda zai iya haɗawa da amfani da soja. A takarda, ƙasa na iya aika barguna ta ce ta cika alkawari. Abin da ya hana tankokin Sobiyet tsallakawa Jamus ta Yamma na shekara arba'in shi ne yardar da Moscow ta yi cewa ba barguna Amurka za ta aiko ba.

Sau ɗaya tak aka taɓa kiran wannan sashe, kuma Amurka aka kira wa shi, bayan harin 11 ga Satumban 2001. Ƙawaye suka bi ta Afganistan. Birtaniya ta rasa soja 457, Kanada 158, ƙaramar Denmark sama da 40.

Ƙorafin kuɗi kuwa ya girmi Trump. Dwight Eisenhower, kwamandan NATO na farko, ya rubuta a 1951 cewa idan aka shekara goma sojan Amurka ba su koma gida ba, aikin ya ci tura. A 1971 Sanata Mike Mansfield ya nemi a rage rabin sojan da ke Turai, aka kayar da shi. A 2011 sakataren tsaro Robert Gates ya je Brussels ya faɗa wa Turawa ido da ido cewa wata rana masu biyan haraji a Amurka za su gaji. Obama ma ya yi ƙorafin 'yan ci-ma-zaune. A taron Wales na 2014, bayan Rasha ta haɗiye Crimea, aka amince kowa ya nufi kashe kashi 2 cikin ɗari na arzikin ƙasarsa a kan tsaro cikin shekara goma. A 2014 ɗin ƙasashe uku kacal suka kai: Amurka, Birtaniya da Girka.

Abin da Trump ya ƙara shi ne sharaɗi. A watan Mayun 2017 ya tsaya a sabuwar hedikwatar ƙungiyar, kusa da wani ɓaraguzan ƙarfe da aka kawo daga benen New York da aka rusa a 2001, ya yi jawabi bai furta goyon bayansa ga Sashe na 5 ba. John Bolton, wanda ya riƙe masa muƙamin mai ba da shawara kan tsaro, ya ba da labarin cewa a taron 2018 saura ƙiris ya sanar da fita. A watan Fabrairun 2024, a wurin wani gangami a South Carolina, ya ce ƙasar da ba ta biya ba, ba zai kare ta ba, zai ma ƙarfafa wa Rasha gwiwa ta yi mata abin da ta ga dama. Kalmar biya a nan tana ruɗar mutane, don babu wani asusu da Turawa ke zuba wa Amurka kuɗin gadi. Kashi 2 ɗin kuɗin da kowace ƙasa ke kashe wa sojanta ne. A ƙaramin asusun da ake tafiyar da hedikwata, kason Amurka bai wuce na Jamus ba.

Gaskiya ɗaya ce, tsawar ta yi aiki, ko da yake tankokin Vladimir Putin da suka nufi Kyiv a watan Fabrairun 2022 sun fi ta aiki. Jamus ta ware yuro biliyan 100 cikin kwanaki. Poland ta haura kashi 4. Finland da Sweden, waɗanda suka daɗe a matsayin 'yan ba-ruwanmu, suka shigo a 2023 da 2024, membobi suka kai 32. A 2024 ƙasashe 23 suka cika kashi 2. A taron Hague na watan Yunin 2025 aka ɗaga ma'aunin zuwa kashi 5 kafin 2035, kashi 3.5 na soja zalla, sauran na hanyoyi da tashoshi da tsaron intanet. Pedro Sánchez na Sifaniya ne kawai ya fito fili ya ce ba zai iya ba. Magoya bayan Trump na nuna wannan su ce ga abin da lallami ya kasa cikin shekara sittin.

Amma an biya da wani abu. A daren da ya ci zaɓe a watan Fabrairun 2025, Friedrich Merz na Jamus, wanda ya shafe rayuwarsa yana kare ƙawance da Amurka, ya ce babban aikinsa shi ne Turai ta tsaya da ƙafarta ba tare da dogaro da Washington ba. Emmanuel Macron ya buɗe maganar ko makaman nukiliyar Faransa za su iya yi wa maƙwabta rumfa. Da Trump ya matsa a kan sai ya mallaki Greenland, yankin da ke ƙarƙashin Denmark, firaministar ƙasar Mette Frederiksen ta ce ranar da Amurka ta kai wa wata ƙasar NATO hari, komai ya ƙare. Kuɗi ya ƙaru, yarda ta ragu, kuma a kan yardar aka gina abin tun farko.

To me ya hana fitar? Takarda ba ta hana ba. Sashe na 13 ya ba kowace ƙasa damar fita bayan sanarwar shekara guda, kuma abin dariyar shi ne gwamnatin Amurka ake kai wa sanarwar, don ita ce ma'ajiyar takardun. Faransa ma a 1966, zamanin Charles de Gaulle, ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta sallami hedikwata daga ƙasarta, ba ta dawo ba sai 2009. Abin da ya hana shi ne NATO na da masu tsaya mata a cikin gida. A watan Disambar 2023 majalisar dokoki ta saka wani sashe a dokar kasafin tsaro da ya hana shugaba fita sai da amincewar kashi biyu bisa uku na sanatoci ko wata dokar majalisa. Sanata biyu suka jagoranci wannan, Tim Kaine na Democrat da Marco Rubio na Republican, wanda daga baya ya zama sakataren harkokin wajen Trump. Janarori na son sansanin Ramstein da asibitin Landstuhl da ke Jamus. Rundunar Amurka mai kula da Afirka, wadda ta tafiyar da sansanin jirage marasa matuƙa na Agadez har zuwa 2024, a Stuttgart ta Jamus take zaune. Tsakanin 2020 da 2024, kusan kashi biyu bisa uku na makaman da ƙasashen NATO na Turai suka shigo da su daga waje, daga masana'antun Amurka suke, kuma kowace masana'anta tana cikin mazaɓar wani.

Waɗanda ba su da sanata

Yarjejeniyar Paris ba ta da irin wannan gata. Waɗanda fitar ta fi shafa ba sa zaɓe a Ohio, ba sa sayen jiragen yaƙi. A 2014 Obama ya yi wa Asusun Yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya alkawarin dala biliyan 3, ya biya biliyan 1 kafin ya sauka. Biden ya ƙara biliyan 1, ya sake alkawarin wasu 3. A watan Fabrairun 2025 aka soke ragowar biliyan 4. Wata guda bayan haka Amurka ta bar kujerarta a asusun biyan asarar bala'o'in yanayi, wanda ƙasashe matalauta suka shekara talatin suna roƙo kafin a kafa shi, ta kuma janye daga shirin taimaka wa Afirka ta Kudu da Indonesiya da Vietnam su rabu da kwal. Wakilin Indonesiya kan yanayi ya yi tambayar da ke bakin mutane da yawa: idan mai fitar da tan goma sha wani abu ya tafi, don me mai fitar da uku zai takura kansa? Duk da haka babu ƙasar da ta bi Amurka waje. Javier Milei na Ajantina ya janye tawagarsa daga taron yanayi na Baku a 2024, amma bai fita ba. Chaina kuwa, wadda ke ƙera sama da kashi 80 na farantan solar duniya, ko a jikinta, kasuwa aka bar mata.

Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 na hayaƙin duniya ba. Abin da Ba'amurke guda ke fitarwa a shekara ya kai na mutanen Nijar sama da ɗari. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma ita ce ta farko da ta haura digiri 1.5 ɗin da Paris ta ce a yi ƙoƙarin kada a wuce. A daminar 2024 ɗin ruwa ya kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, ya rusa tsohon masallacin Zinder, madatsar Alau ta ɓalle ta shafe rabin Maiduguri. Ba duka laifin ne na hayaƙin wasu ba, don madatsar da aka bari ba gyara shekara da shekaru ba Washington ce ta bar ta ba. Amma masanan da suka yi nazarin ruwan sun ce ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi.

Mutanen wannan yanki ma sun san ɗanɗanon irin wannan gardama. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2024, da hujjar 'yancin kai da cewa ƙungiyar ta zama karen farautar wasu, fitar kuma ta tabbata bayan shekara guda. Bambancin shi ne ɗan kasuwar Maraɗi da na Jibiya sun ji rikicin a aljihunsu tun ranar da aka rufe iyaka a 2023. Ƙaramar ƙasa idan ta ɓata da maƙwabta, ita ke fara biya. Babbar ƙasa kan miƙa wa wasu lissafin.

A farkon Janairun 2026 Trump ya ƙara taku guda wanda bai yi ba a wa'adinsa na farko. Ya ba da umarnin janyewa daga ƙungiyoyi da yarjejeniyoyi 66, ciki har da kwamitin masana kimiyyar yanayi na duniya da kuma uwar yarjejeniyar yanayi ta 1992, wadda Kyoto da Paris duk daga cikinta suka fito. Wannan ba irin ta Obama ba ce. George Bush babba, ɗan Republican, shi ya sa mata hannu a Rio de Janeiro, majalisar dattawa kuma ta amince da ita a watan Oktoban 1992. Ƙa'ida ta ce sai ƙasa na cikinta za ta iya zama a Paris. Lauyoyin Amurka sun rabu biyu: wasu na cewa amincewar 1992 na nan daram, shugaba mai zuwa zai iya komawa da sa hannunsa, wasu na cewa ta faɗi da fitar, sai an sake tara sanata 67.